Jaridar safe a ɗakin karatun makaranta, ba tare da ɗan jarida ya kawo ta ba

A makarantun sakandare da yawa a Katsina da Daura, teburin jarida na ɗakin karatu ya daɗe babu komai a kansa sai ƙura. Ɗalibin da zai rubuta WAEC ko NECO yana jin labarin duniya ne daga abin da Facebook ya ga dama ya nuna wa yayansa. Ra'ayinmu shi ne a mayar da wannan zaɓi hannun malami, ta hanyar manhajar tattara labarai da ke aiki da tsarin RSS, wato tsarin da shafukan intanet ke fitar da jerin sababbin labaransu domin manhaja ta ɗauko su kai tsaye.

Aikin ba wuya. Kwamfuta ɗaya ta isa, ko tsohuwa ce. A saka mata Thunderbird, manhajar imel da ke karanta RSS, kyauta ce, tana kuma ajiye abin da ta sauke a cikin kwamfutar. A ɗauko adireshin RSS na kowace kafar labarai a liƙa wa manhajar. Shafin da aka gina da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, galibi ƙara /feed/ a ƙarshen adireshinsa ya wadatar. Da safe mai kula da ɗakin karatu ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa na minti goma, ya sauke, ya kashe. Ɗalibai su yi ta karantawa har tashi ba datar da ke ƙonewa, musamman in an hana hotuna buɗewa.

Inda ake tuntuɓe shi ne zari. Malami ya zuba kafofi hamsin, kafin Juma'a labarai dubu sun taru ba wanda ya taɓa, sai kowa ya yi sanyi. Kafofi takwas zuwa goma sun isa: biyu na Hausa irin su BBC Hausa, biyu na Turanci domin darasin fahimtar rubutu, sauran na kimiyya da noma, kowanne a jakarsa.

Wata matsalar kuma, wasu kafofin kanun labari da layi biyu kawai suke sakowa. Yaro ya danna, ba intanet, shafi ya tsaya fari fat. Don haka a gwada kowace kafa da intanet a kashe kafin a amince da ita. Wadda kuma ta yi mako biyu shiru, wataƙila adireshinta ya sauya, a duba.

Kada a jingina komai ga kamfani ɗaya. Google ya rufe Google Reader, manhajarsa ta tattara labarai, a ranar 1 ga Yulin 2013, duk da ɗimbin masu amfani da shi. A fitar da jerin kafofin a fayil ɗin OPML, wato fayil mai ɗauke da adireshin kafofin duka, a ajiye a filas. Da shi makarantar da ke Daura za ta iya miƙa wa ta Mai'aduwa jerinta gaba ɗaya cikin minti biyu.

Masu cewa yara za su ci karo da abin da bai dace ba suna da gaskiyarsu, domin labarin kisa da na fyaɗe na shigowa ko daga kafa mai mutunci. Shi ya sa malami zai fara dubawa kafin a buɗe ƙofa, ya goge na gogewa, ya buga uku mafi amfani ya manna a allon sanarwa domin 'yan ajin da kwamfutar ba za ta kai gare su ba a ranar.