Matasa, ku riƙa auna maganar gwamnati da mudunku

Assalamu alaikum ƙannena samari da 'yan mata na karkarar Kano da Jigawa, masu noman rani a Kura da Bunkure da Auyo, masu kabu-kabu, masu dako ranar Lahadi a Gujungu da ranar Alhamis a Maigatari. Ina so mu yi magana a kan gaskiyar gwamnatin tarayya da abin da take kira tallafi, domin na ga an raba ku gida biyu. Wasu duk abin da aka faɗa a rediyo sun haɗiye, wasu kuma duk abin da aka turo musu a WhatsApp sun yaɗa. Duka biyun ana cutarsu. Wanda ya je awo kasuwa ba ya yarda da mudun da bai gani ba, to maganar hukuma ma haka ya kamata a yi mata.

Ranar 29 ga Mayu 2023, a wurin rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. A lokacin ana sayar da lita ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Cikin kwana biyu ta haura 500, kuma a watan Oktoba na 2024 ta kai naira dubu har da ɗoriya. A watan Yuni na 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake lissafawa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ba na musun cewa tsohon tsarin tallafin cike yake da sata da fasa-ƙwauri. Laifin da nake gani shi ne an janye tsani tun mutum yana kan rufi, ba a tanadi komai ba sai bayan an faɗo, sannan aka ci gaba da gaya wa wanda ya karye cewa lafiyarsa ƙalau.

Bari mu yi lissafin da kowane manomin rani zai iya yi a bakin gonarsa. Injin ban-ruwa mai inci uku yana shan kusan lita ɗaya a awa. Mu ɗauka mutum yana ƙona lita 5 a kowane ban-ruwa, sau biyu a mako, na tsawon mako 13. Lita 130 ke nan. A kan naira 195 kuɗin mansa 25,350 ne. A kan naira dubu ya zama 130,000. Ƙarin da ya hau kansa ya zarce dubu ɗari a mai kaɗai, ba a zo maganar taki da maganin feshi da kuɗin motar kai tumatir ko albasa kasuwa ba. Me gwamnati ta ce za ta ba shi a madadi? Da farko naira 8,000 a wata ga gidaje miliyan 12 na wata shida. Da jama'a suka yi ca, aka janye, aka dawo da naira 25,000 a wata ga gidaje miliyan 15 na wata uku, jimilla 75,000. Ko da a ce kowa ya samu, kuma an biya cif, bai rufe ramin da mai ya haƙa a noman rani guda ba. Kuɗin ma wani ɓangarensa bashi ne na dala miliyan 800 daga Bankin Duniya, wanda ku da 'ya'yanku za ku biya.

Shirin bai yi nisa ba aka dakatar da ministar jin ƙai a watan Janairu na 2024 bisa zargin ba da umarnin a tura naira miliyan 585 cikin asusun wani mutum, kuma a makon aka dakatar da shirin samar wa matasa aiki na N-Power da ciyar da 'yan firamare da rabon kuɗin kansa. Ku duba wanda aka hukunta a nan. Zargi yana kan manya a Abuja, amma yaron da yake zuwa makaranta saboda ɗan abincin ƙarfe goma shi aka fara yanke wa.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Yawancin yaudarar hukuma ba ƙarya ce ƙiri-ƙiri ba, wasa ne da kalmomi huɗu da kunne yake ji kamar abu ɗaya. In an ce "an amince", takarda ce kawai aka sa wa hannu a taro. In an ce "an ware", an rubuta adadin a kasafin kuɗi, kuma abubuwa da yawa suna shiga kasafi su fita shekara ta ƙare ba a ba su sisi ba. In an ce "an saki", kuɗi ya bar baitulmali ya shiga hannun ma'aikata ko jiha, bai zo gare ku ba tukuna. In an ce "an ƙaddamar", an kafa rumfa, an jera buhu hamsin gaban kyamara, an kira mutum goma sun karɓa. Kalma ta biyar, wato "ya iso hannu", ku kaɗai ne za ku iya shaidarta, kuma ita ce ba a cika faɗa ba. A watan Agusta na 2023 an sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗi. Abin da kanun labarai ba su tsaya a kai ba shi ne kashi 48 cikin ɗari bashi ne da za a mayar, kuma daga baya ministan kuɗi da bakinsa ya ce biliyan 2 aka fara saki. Wanda ya ji biliyan 5 ya tafi da ita a ransa, ya koma yana zargin mai unguwarsu da cinye abin da bai taɓa zuwa ba.

Jawabin shugaban ƙasa na 31 ga Yuli 2023 yana da daɗin aunawa saboda akwai adadi da wa'adi a ciki. Ya yi alkawarin motocin bas 3,000 masu amfani da iskar gas kafin watan Maris na 2024, da tan 200,000 na hatsi, da tan 225,000 na taki da iri da sauran kayan noma, da kuma naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i 1,300 a kowace ƙaramar hukuma. Wannan na ƙarshen shi ne mudunku. Mutum 1,300 a ƙaramar hukuma mai mazaɓu goma ko goma sha ɗaya yana nufin sama da mutum ɗari a kowace mazaɓa. Ku zauna a majalisarku ku ƙirga: mai shayi, mai faci, mai ƙosai, tela, mai cajin waya, wa ya samu? In kun samu ɗari ku faɗi gaskiya ku yaba. In kun samu uku, ku rubuta uku.

Akwai kuma wasa da alƙaluma, wanda ya fi wuyar ganewa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020. A 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba masana'antu aka buɗe ba, ma'anar "mai aiki" aka canza, ta yadda wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi an lissafa shi cikin masu aiki. Wato saurayin da ya ɗauki buhu biyu ranar kasuwa ya zauna kwana shida ba ya cikin marasa aiki. Haka hauhawar farashi: kashi 34.8 a Disambar 2024, sai ga 24.48 a Janairun 2025, saboda an sauya shekarar da ake kwatantawa da ita da nauyin kayan da ake aunawa. Sauya ma'auni ba laifi ba ne, ƙasashe suna yi. Laifin shi ne ɗan siyasa ya ɗauki sabon adadi ya jera shi da tsoho ya ce ga nasararsa. Kuma ko da hauhawa ta ragu da gaske, ma'anarta farashi yana ci gaba da hawa a hankali, ba wai ya sauko ba.

Matatar Fatakwal ma an ce za ta fara aiki a Disambar 2023, aka yi bikin tashinta a Nuwamban 2024, aka rufe ta a Mayun 2025 da sunan gyara, bayan dala biliyan 1.5 da aka amince a kashe mata tun 2021.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya faɗa kan manomi sau biyu. A Yulin 2024 aka ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mai saye ya ɗan sarara, wannan gaskiya ne. Amma manomin da ya sayi taki da mai da tsada ya kai amfaninsa Dawanau ya tarar farashi ya faɗi, taki kuwa yana nan inda yake. Gwamnatin da ta ce ba za ta sa hannu a farashin mai ba saboda kasuwa ce take yanke hukunci, ita ce ta sa hannu a farashin hatsi. An ce talaka ya ɗaure ciki, a daidai lokacin da aka kammala gidan mataimakin shugaban ƙasa na naira biliyan 21 aka kuma sayo wa fadar shugaban ƙasa jirgin sama a 2024. Shugaban da zai ce a yi haƙuri, a jikinsa ya kamata a fara ganin haƙurin. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa saɓa alkawari da cin amana cikin alamomin munafunci, bai kuma ware masu mulki ba.

Kada ku tsaya a Abuja. Kuɗin da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi bai kai biliyan 800 ba a 'yan watannin ƙarshe kafin a cire tallafi, ya haura tiriliyan 1 kafin ƙarshen 2023, a wasu watannin 2025 ya kai tiriliyan 2. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kano tana da 44, Jigawa 27. Ofishin akanta janar da hukumar ƙididdiga suna fitar da abin da kowace ta samu wata-wata, ana iya dubawa a waya. Ku nemi adadin taku, sannan ku je asibitin sha-ka-tafi na garinku ku ga ko akwai maganin zazzaɓin cizon sauro da ungozoma, ku leƙa firamare ku ƙirga malamai da ajin da rufinsa ya yaye. Ko wace jam'iyya ce take riƙe da jiharku, tambayar ɗaya ce.

Ina roƙonku da Allah, fushin nan kada ya ci ku. A zanga-zangar Agustan 2024 an rasa rayuka a Kano da Jigawa, an fasa shagunan mutanen da su ma tsadar take dukansu, an bar jaki ana dukan taiki. A ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana da aka kama saboda zanga-zangar a kotu a Abuja, da yawansu 'yan Kano, wasu suka yanke jiki suka faɗi saboda yunwa da wahala, sai da duniya ta yi Allah wadai aka sake su. Babu ɗan wani babba a cikinsu. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura kuwa, a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka ƙone wurin kwasar man tankar da ta faɗi, mafi yawansu matasa. Allah ya jiƙansu. Tsadar mai ce ta kai su bakin kwalbatin, amma duk tsadar, tanka in ta kife ku yi nesa da ita ku kori yara.

Kada kuma ku zama sojojin baka na wanda zai ba ku kuɗin data ku kare abin da iyayenku suke kuka da shi. Wanda ya karɓi taliya da atamfa da dubu biyar ranar zaɓe ya ci ladan kuturu, bakinsa ya mutu shekara huɗu.

A wajen rajistar tallafi, a nan aka fi yi muku sata ta kusa. Yin lambar NIN kyauta ne, shiga rajistar marasa galihu ma kyauta ne. Duk wanda ya ce ku kawo dubu biyu ya sa sunanku, ɓarawo ne. Kada ku ba kowa katin cirar kuɗinku ya riƙe muku, kada ku karanta wa mai kira a waya lambar sirri ko lambar da banki ya turo ta saƙo. Ku tabbata sunan da yake kan NIN ya yi daidai da na asusun banki harafi da harafi, domin saɓanin Muhammad da Mohammed, ko ranar haihuwa biyu, yana hana kuɗi shiga. Ku taimaki iyaye mata da tsofaffi a nan, su aka fi zalunta. Masu karatu a manyan makarantun gwamnati kuma su sani kuɗin NELFUND, wato asusun lamunin ɗalibai, bashi ne, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ba kyauta ba ne.

Kowace ƙungiyar matasa ta sayi littafi mai shafi tamanin ta ba mutum biyu amintattu su riƙe. Duk alkawarin da aka ji a rubuta wanda ya faɗa, da ranar, da adadin, da wa'adin, a bar fili a gefe don abin da ya iso. In an kawo taki ko shinkafa, a ƙirga buhu tun ana saukewa daga mota, gaban dagaci da limami, a rubuta sunan duk wanda ya karɓa. In lissafi bai haɗu ba, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ma'aikatar da abin ya shafa, ku faɗi takamaiman abin da kuke nema, misali jerin sunayen waɗanda aka biya a ƙaramar hukumarku da ranar biya. Doka ba ta ce sai kun faɗi dalili ba. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku, domin in babu hatimin za a ce wasiƙar ba ta zo ba. Suna da kwana bakwai su amsa, za su iya ƙara wasu bakwai in takardun suna da yawa, in kuma sun ƙi ko sun yi shiru kuna da kwana talatin ku kai ƙara kotu. Kafin a kai ga kotu, ku ɗauki kwafin mai hatimi da shafin littafinku ku kai wa kansilanku da ɗan majalisarku, ku kuma karanta su a shirin rediyon da ake buɗe layi.