Ɗalibi Bahaushe ya fi kowa dacewa da darasin asalin kalmomi

Na daɗe ina zaune a Ingila, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani aikin gida da aka ba 'yata da ke makarantar sakandare. Malamarsu ta rubuta musu guntuwar kalma ɗaya mai tushe a Latin, wato port, ta ce ma'anarta ɗaukar kaya, sannan ta umarce su da su nemo kalmomin da suka tsiro daga gare ta. Cikin minti goma yarinyar ta jero transport da export da import da portable, ta kuma yi mini bayanin kowacce ba tare da ta buɗe ƙamus ba. Nan take na tuna yadda mu aka koya mana irin waɗannan kalmomi a gida: jeri a kan allo, kalma a hagu, ma'ana a dama, a haddace yau, a yi gwaji ranar Juma'a, kafin Litinin rabinsu sun gudu.

Ba na ganin laifin malamanmu, domin abin da aka ba su shi suka ba mu, kuma hadda tana da ranarta. Abin da ke damuna shi ne, wannan dabara da ake tinƙaho da ita a nan, ɗan Bahaushe ya fi ɗan Bature shirin karɓarta, amma ba kasafai ake nuna masa hakan ba. Yaron da ya san cewa ilimi da malami da ta'alimi duk daga tushe ɗaya na Larabci suka fito, kuma ya san cewa littafi shi ne al-kitab da bakin Bahaushe ya lanƙwasa, ya riga ya fahimci cewa kalmomi suna da dangi. A Hausar kanta ma, kullum yana ɗora "ma" a gaban aiki ya fitar da wuri ko mai yin aikin: karanta ta haifi makaranta, ƙera ta haifi maƙeri da maƙera. Idan malami ya fara daga nan, sannan ya ce tele a Girkanci nesa take nufi, phone kuma murya, ɗalibin zai ga cewa talho da talabijin ɗin da ya saba ji ba daga sama suka faɗo ba.

Tarihi kuma yana warware abin da ke ba yara haushi. A shekarar 1066 Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu har tsawon ƙarnuka, shi ya sa Turanci yake da kalma biyu ko uku ga abu ɗaya: ask ta gado ce, question kuma baƙuwa ce da ta shigo ta hanyar Faransanci. Harafin k na farkon knife da knee a da ana furta shi, furucin ya sauya, rubutun ya tsaya inda yake. Shi kuwa b na cikin debt, masana ne suka cusa shi daga baya don kalmar ta yi kama da kakarta ta Latin, debitum. Na sha bulala a kan wannan b ɗin, kuma da an gaya mini labarinsa sau ɗaya, da ban sake mantawa da shi ba.

Akwai kuma abin da ya fi faranta mini rai, wato kalmomin da Turanci ya aro daga Larabci. Algebra daga al-jabr take, algorithm daga sunan masanin lissafi al-Khwarizmi wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, zero kuma ta bi ta Italiyanci daga sifr, wadda mu muke kira sifili. Ɗalibin da ya ji haka zai daina kallon Turanci a matsayin gidan da ba shi da kowa a ciki.

Sai dai dole malami ya yi hattara, domin kama da wane ba ta wane ba ce, kuma asalin kalma ba shi ne ma'anarta ta yau ba. Kalmar Turanci nice, wadda a yau take nufin mai kyau, ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin jahili, Oktoba daga takwas take duk da cewa yanzu wata na goma ne, saboda tsohuwar shekarar Rumawa da Maris take farawa. Ni kaina na faɗa wannan rami: da 'yata ta kawo kalmar alkali daga darasin kimiyya, na ce mata ai tamu ce, mai yanke hukunci. Ta duba ta dawo tana dariya, ta ce, "Baba, naku daga al-ƙadi yake, namu kuma daga al-ƙali, tokar da ake samu in an ƙona tsiro."