Klopp bai yi suna da yawan kofuna ba

Duk lokacin da gardama ta kaure a gidan kallon ƙwallo kan Jurgen Klopp, tsohon kocin Dortmund da Liverpool, sai wani ya fara ƙirga kofuna: Firimiya ɗaya a 2020, Zakarun Turai ɗaya a 2019, wai shi ke nan. Wannan awo bai dace da mutumin ba. Ai tsakanin 2013 da 2018 wasan ƙarshe shida ya sha kashi a jere, amma farin jininsa sai ƙaruwa yake.

Abin da ya ɗaga shi salon wasansa ne, wanda Jamusawa ke kira gegenpressing. Da an ƙwace maka ƙwallo, ba ka ja da baya. Wanda ya fi kusa ya afka wa mai ƙwallon nan take, biyu ko uku su toshe hanyoyin ba da ita, 'yan baya kuma su matso har kusan tsakiyar fili don kada a bar gibi. Hikimar ita ce, wanda ya ƙwace ƙwallo yanzun nan kansa na ƙasa, bai ga abokansa ba tukuna, su kuma sun fara watsewa don kai hari. Idan ka karɓe ta a daƙiƙun nan, raga na kusa.

Da wannan ya ɗauki Bundesliga a Dortmund a 2011 da 2012, ya lallasa Bayern 5-2 a wasan ƙarshe na kofin Jamus, kuma da 'yan wasan araha. Misali, ɗan wasan Japan Kagawa, Yuro dubu 350 aka biya a kansa.

Sai dai salon yana cin jiki. Mutum ɗaya ya makara wajen matsawa, dogon bugu guda ya isa a tsallake kowa, a bar 'yan baya da fili fetal a bayansu. Haka Dortmund ta tsinci kanta a ƙasan teburi a farkon 2015. A kakar 2020/21 kuma, da 'yan bayan Liverpool, Van Dijk da Gomez da Matip, suka ji rauni, aka janyo Fabinho da Henderson daga tsakiya zuwa baya, matsin ya mutu, Liverpool ta sha kashi sau shida a jere a Anfield. Masu yabonsa ba sa son a tuna musu da wannan.

Shi ma tun a 2018 ya gane wannan matsala. Kuɗin da Liverpool ta samu daga sayar da Coutinho ya zuba a kan Van Dijk, fam miliyan 75, da gola Alisson, ya rage gudun ba gaira ba dalili. Daga nan aka samu maki 97 a Firimiya a kakar 2018/19, sannan 99 a kakar da ta biyo baya. Daren da Liverpool ta doke Barcelona kuwa a Zakarun Turai na 2019, 4-0 bayan an sha 3-0 a can, babu Salah babu Firmino, Origi da Wijnaldum ne suka ci bibbiyu.