Aristotal ma baƙo ne a Atina

Ranar Lahadi wani abokin aikina Bagirke ya ja ni zuwa Likiyon, makarantar da masanin falsafa Aristotal ya kafa a nan Atina, babban birnin Girka, shekara 335 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na je da zaton zan ga gini. Ina! Kufai ne, tushen bango ko gwiwa bai kai ba, an yi wa wasu wuraren rumfa, an zuba tsakuwa a hanya, ga benci, ga alluna da Girkanci da Turanci, Turawa sai tafiya suke a hankali kamar masu ziyarar maƙabarta. Har tikiti ake yanka. A 1996 aka tono wurin, aka buɗe wa jama'a a 2014.

Muna tsaye sai ya ce mini, da fara'arsa kuwa: "Ku can kun taɓa jin sunansa?"

Na yi dariya, amma har yau abin na ci na. Mu ne za a tambaya? Ahalarin da muka karanta muna yara, mawallafinsa ne dai ya rubuta littafin Sullamu a kan manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kuma manɗiƙin nan asalinsa daga Aristotal yake, wanda Larabawa ke kira Malami na Farko. Magili, da ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Suyuɗi yana kare wannan fanni. Su suna da duwatsun mutumin, mu muna da karatunsa a zaure, a kan buzu, ba tikiti.

To, a yaba musu, sun iya riƙon kufai. Mu badala ma ana ɗibar ƙasarta muna kallo.

Amma abin da abokina bai faɗa ba, mutumin da suke tinƙaho da shi ba ɗan Atina ba ne. A Stagira aka haife shi, can arewa, ya zo yana ɗan shekara 17, ya yi shekara 20 yana karatu gaban malaminsa Aflaɗun, ya je ya koyar da Iskandar na Makidoniya, ya dawo. Duk da haka baƙo yake a idon doka, bai da ikon mallakar ko taki ɗaya na filin da yake karantarwa. Da Iskandar ya mutu a 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sai aka taso shi da zargin raina alloli, ya gudu Halkida, garin mahaifiyarsa. Shekara na zagayowa ya rasu yana da 62.

Shekarata takwas a garin nan, kullum ana tambayata yaushe zan koma gida. Ban ba abokina amsa ba ranar, na dai sayi ruwa muka fito. Gobe da asuba zan je layin sabunta takardar zama.