Burtun da Na Gano a Yankari

Wani mutumina ne ya ja mu tafiyar nan, ba sai na kama suna ba. Tun da ya sayo madubin hangen nesa da littafin tsuntsaye, ko hankaka ya gani sai ya duba shafi. Ya ce mu fara da Yankari tunda rani ne, ganye ya kaɗe, komai na gangarowa kogin Gaji shan ruwa, sannan mu wuce Serti mu shiga gandun dajin Gashaka-Gumti don tsuntsayen kan duwatsu. Ni dai ruwan ɗumin Wikki ne ya kai ni.

Da sassafe muka fita da jagora da wasu Turawa, mata da miji, kowa da kyamara mai dogon hanci. Tsuntsayen dajin sun haura iri 350, amma duk wanda aka nuna, kafin in daidaita madubi ya tashi. Ƙudan tsando kuwa ni kaɗai suka sani, don shuɗiyar riga na sa, ashe launin da suke so ke nan.

Sai ga shi can gindin wani marke, baƙi wuluk, a ƙasa, yana ɗan motsi. Na ɗaga hannu na ce, "Shiru! Burtu!" Jagora ya buɗe baki zai yi magana, na galla masa harara. Baturen ya durƙusa. Matar ta kwanta rub da ciki a cikin ƙura. Ni kuwa na shiga bayani ƙasa-ƙasa: ga jan maƙogwaro can, namiji ne ke nan; a ƙasa yake kiwo, bai cika tashi ba; in ya buɗe fiffike za ku ga fari. Har labarin maharban da ke ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe sai da na ba su, na ɗan gwada musu rarrafen ma. Baturen sai gyaɗa kai yake.

Ana haka wani gwaggon biri ya sauko daga bishiya, ya taka a natse, ya ɗauki burtun nawa da hannu ɗaya, ya zazzage, bai samu komai ba, ya yar. Leda ce. Jan maƙogwaron kuma yagaggiyar takardar burodi.

Jagora ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tun ɗazu nake so in faɗa." Turawan ko dariya ba su yi ba, wannan ya fi ciwo. Matar ta miƙe tana kaɗe riga.

Amma duk ba su ne suka ɓata min rai ba, ƙanin Maman yara ne. Yaron nan ba wanda ya gayyace shi, da asuba muka same shi a mota da jakarsa. Ko kwabo bai sa a kuɗin mai ba, kilishin hanya kuma kafin Dindima ya ga bayansa. Shi ne ya ɗauki komai a waya, har rarrafen, ya tura zauren dangi na WhatsApp. Yaron da ni na biya masa kuɗin jarrabawa! Yanzu surukata in ta kira sai ta ce, "A gaishe min da Alhaji Burtu." Ita kuma Maman yara wai yaro ne, in yi haƙuri. Yaro da gemu.

Gashaka kam mun je. Suka nufi wajen Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, ni gwiwa ta ce in tsaya a Serti. Sun dawo suna cewa wai sun ga abubuwa da yawa. Ban tambaya ba.