"Ka rage shan wuta mana": amsar da ake watsa wa mai bil a fuska

Dattijo ne, gemunsa fari fat, ya tsaya a layin ofishin kamfanin wuta tun da hantsi har rana ta take. Takardun bil uku ne a hannunsa, na wata uku a jere, kowace ta fi ta baya nauyi. Da layi ya zo kansa ya yi gaisuwa, ya shimfiɗa takardun a kan kanta, ya ce, "Ɗana, duba mini don Allah. Watan nan mun yi kwana tara ba wuta, amma kuɗin sai ƙaruwa ya yi."

Yaron da ke bayan kantar sa'an jikansa ne. Bai amsa gaisuwar ba, bai ɗago ido daga wayarsa ba. Yatsa ɗaya ya sa ya turo takardun, har ɗaya ta faɗi ƙasa. "Ka rage shan wuta mana," in ji shi. Dattijon ya ce, "Na rage, ɗana. Na canza duk ƙwayayen gidan, hita ma na daina kunnawa. Mitar ce ta mutu tun bara, sau huɗu ina kawo ƙara." Yaron ya ja tsaki. "To je ka ƙara ragewa. Na gaba!" Haka tsohon nan ya dafa gwiwa ya sunkuya ya ɗauki takardarsa a gaban jama'a, ba wanda ya ce uffan, domin kowa a layin yana riƙe da irin tasa.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne dattijon ya yi duk abin da mai aikin wuta zai ce a yi. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Tsofaffin ƙwayaye goma masu wat 60, awa shida a rana, suna shan yunit 108 a wata. A maye su da ƙwayayen LED, wato masu tsimin wuta, masu wat 9, haskensu kusan ɗaya, sai abin ya dawo yunit 16. Hita mai wat 1,500 da ake kunnawa awa ɗaya kullum tana cin yunit 45 a wata. Ke nan idan haka gidansa yake, mutumin nan ya zaftare sama da yunit 130, kuma ko ɗaya bai gani a takardarsa ba, saboda ba wanda ya auna. A ofis aka zauna aka ƙiyasta masa. Yaya za a yi a rage abin da ba a aunawa?

Wanda mitarsa ke aiki, ya sani cewa masu zafi da masu sanyi su ne ke cinye kuɗin: dutsen guga, butar lantarki, hita, firji da na'urar sanyaya ɗaki. A tara guga a yi ta lokaci guda, domin ɗumama dutsen daga sanyi kowace safiya asara ce. A dafa ruwan da ake buƙata kawai. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,200, idan injinta bai huta ba, tana iya shan yunit 9 da ɗoriya a dare ɗaya na awa takwas, alhali fanka mai wat 75 ba za ta kai yunit ɗaya ba. A ajiye na'urar a digiri 24 ko 25, a wanke matatarta duk bayan mako biyu, a toshe ƙasan ƙofa. Firji kuwa ba ya barci, shi ya sa laifinsa ke taruwa a ɓoye. A maƙala takarda a ƙofarsa a rufe, a ja; idan ta zame ba wahala, robar ƙofar ta saki, sanyi na tsiyaya. A bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango, a share ƙurar bayansa, a narkar da ƙanƙara da zarar kaurinta ya wuce rabin santimita. Cajar waya da ake ta yi wa yara faɗa a kanta ba ita ce matsalar ba; gara a zare talabijin da dikoda daga soket, domin wat 5 da ke tsiyaya dare da rana yunit 3.6 ne a wata.

Ita ma mitar ana gwada ta. A kashe komai a gidan. Idan jar fitilarta ta ci gaba da ƙiftawa, ko dai wata waya ta goge tana zubar da wuta, ko wani ya jona a layinka, ko kuma mitar ce da kanta ta lalace. A jikin mitar an rubuta ƙiftawa nawa ke yin yunit ɗaya. Idan 1,600 ne, butar wat 2,000 a minti uku ya kamata ta ba da ƙiftawa kusan 160. Gwajin minti uku ke nan, amma kamfani ya kasa turo ma'aikaci a shekara guda!

Kuma ina hukumar da aka kafa don ta tsaya wa mai biya? Gwamnati ta iya fitowa ta ce talakawa su yi tsimin wuta, amma ta bar kasuwa cike da ƙwayayen jabu, an rubuta wat 9 a kwali, hasken bai kai ba, wata biyu sun ƙone. Ta bar wuta na zuwa da rauni, injin firji na gurnani ya kasa tashi, ya yi zafi ya ƙone, ba mai biyan diyya. Ranar da mutum ya makara da biya kuwa, tsani da filaya suna ƙofar gidansa tun da sassafe. Motar da ke zuwa yanke wuta, me ya hana ta kawo mita? Dattijon dai bai tafi gida ba. Ya ninke takardunsa, ya koma ƙarshen layin biyan kuɗi, domin jibi ne wa'adin yankewa.