Ga kuɗi a hannu, an hana ni littafi

Ban taɓa sanin akwai ɗan kasuwar da za ka miƙa wa kuɗi ya kau da kai ba, sai da na fara sayen littattafai a waya. Wani labarin kisan kai ne mai kashi uku ya ja min. Na ɗaya da na biyu, dannawa ɗaya na yi suka sauko. Na biyun ya tsaya daidai inda jami'in bincike ya tara mutanen gidan a falo zai tona wanda ya yi aika-aikar. Dare ya raba, amma barci ya ƙaurace min, na koma shafin kantin neman na uku. Ga hoton bango, ga farashi, ga yabon waɗanda suka karanta. A gurbin maɓallin saye kuwa sai wani ɗan siririn rubutu: ba a sayar da wannan littafi a ƙasarku. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Na kashe wayar na kunna, wai ko za ta huce. Rubutun na nan daram.

Da gari ya waye na rubuta wa masu kula da abokan ciniki doguwar wasiƙa, har da tuna musu cewa ni ba baƙo ba ne a kantinsu. Wani bawan Allah mai ladabi ya amsa. Ya ba ni haƙuri a farko, ya ba ni a tsakiya, ya ba ni a ƙarshe. Abin da na tsinta a tsakanin haƙurin shi ne, marubucin ya sauya kamfanin ɗab'i. Kamfanin farko ya sayi izinin sayarwa a duk duniya, sabon kuwa Amurka da Kanada kawai ya saya. Na ce, "To ranka ya daɗe, ni da ke can waje, wa ke da ni?" Ya sake ba ni haƙuri.

Haushi ya sa na zama ɗalibin dole. Ashe rabon duniyar nan ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun 1947 kamfanonin ɗab'i na Birtaniya suka haɗa baki cewa ba za su sayi izinin littafi daga Amurka ba sai an haɗa musu da ƙasashen da ke ƙarƙashin daularsu. Sai a 1976 aka wargaza wannan yarjejeniya, bayan ma'aikatar shari'ar Amurka ta kai ƙara. Yarjejeniya ta mutu, al'adar ta rayu. Har gobe, duk watan Oktoba ana haɗuwa a baje kolin littattafai na Frankfurt a Jamus, wakilan marubuta suna yanka taswirar duniya suna sayarwa gunduwa-gunduwa. Ban ga laifin marubuci ba, tunda sayarwa sau biyu ta fi sau ɗaya kawo kuɗi. Abin da ya ɓata min rai shi ne an yi cinikina ba a ko gayyace ni ba.

Inda abin ya koma wasan kwaikwayo shi ne, kantin da ya hana ni littafin a waya, shi ne dai yake tallata min na takarda a ƙasan shafin, wai zai aiko min har ƙofar gida. Dalili kuwa, in na takarda ne ana ɗauka cinikin ya faru a inda kantin yake, in na waya ne a inda mai saye yake zaune. Wato a sare itace, a yi takarda, a buga, a ɗora a jirgi a tsallake teku da shi, duk halal ne. A turo min abin da bai kai nauyin hoto guda ba a waya, nan ne doka ta miƙe tsaye. Na takarda ma yana da gata a kotu. A 2013 kotun ƙolin Amurka ta ba wani ɗalibi ɗan Tailan, Supap Kirtsaeng, gaskiya, bayan ya riƙa sa 'yan uwansa suna sayo masa littattafan karatu masu araha daga gida yana sayarwa a Amurka. Wanda ya saya, nasa ne. Na waya kuwa lasisin karatu kawai ake ba ka. Ko Tarayyar Turai da ta yi dokar hana nuna wa mai saye bambancin ƙasa a 2018, da ta zo kan littattafan waya sai ta tsallake su.

Sanin tarihi bai faɗa min wanda ya yi kisan ba, don haka na koma dabara. Na saka manhajar VPN, wadda ke sa a ga kamar kana wata ƙasa, nan take wayata ta koma mazauniyar Toronto a Kanada. Maɓallin saye ya fito yana sheƙi. Na danna da bismillah. Sai kantin ya ce adireshin katin bankina da inda nake ba su jitu ba. Na ce wannan mai sauƙi ne, na sauya adireshi na ba kaina gida a wani titi da na gani a taswira. Kafin in sauke hannu saƙon banki ya shigo: sun ga wani yana ƙoƙarin amfani da katina daga ƙasar waje, sun rufe shi don kare dukiyata. Haka na wuni a waya ina rantsuwa cewa ɓarawon da suke nema ni ne, kuma na yafe wa kaina.

Sai na tuna da wani abokina da ke zaune a Kanada da gaske. Na ce, "Mutumina, saya ka turo min a matsayin kyauta, zan biya ka." Ya saya ya turo. Na buɗe saƙon ina murmushi, kantin ya sanar da ni cewa kyautar ma ba ta fita daga ƙasar da aka saye ta. Abokin nawa ya ce tunda kuɗinsa sun riga sun fita, bari ya ɗan leƙa ya ga abin da ya haukata ni haka.

Na haƙura na yi odar na takarda. Kuɗin aikowa ya fi na littafin, aka ce in sa ido nan da makonni. Ina cikin wannan jira, kullum ina duba inda kunshin ya kwana, sai ga kiran mutumin Kanada, muryarsa har rawa take don daɗi.

"Kai, wallahi ka iya zaɓen littafi! Ko barci ban yi ba. Amma tsakani da Allah, ka taɓa kawowa a ranka direban ne?"

Na ce, "Wane direba?"

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Au, naka bai iso ba?"